Sunan da Inna Ta Rubuta a Yashi

Warra,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin tashi lafiya. Ya ƙafar taki? Na san abin dariya ne in gaishe ki a takarda alhali ɗakinmu ɗaya, amma bakina ba zai iya ba.

Inna, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni a zatona soyayya sai a littafi: saurayi mai mota da turare, gidan sama a birni. Ke da Baba kuwa na ɗauka zama ne kawai, ya kawo kifi ki yi banda, ki ajiye tuwo ya ci. Har tausayinki nake ji in ina karatuna a bayan rumbu.

Sai ga ranar Laraba. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Lokacin da nake taya Malama Deborah tsara darasin ajinku na yaƙi da jahilci, ta ce ita ba za ta zaunar da iyayen mutane a benci suna rera baƙaƙe kamar 'yan aji ɗaya ba. Bakin ruwa za a je, inda kuka saba. Kowace ta zaɓi kalmar da take so ta fara koya, ta rubuta da yatsa a yashi, in ta ɓata ta shafe. Ta ce in yi hasashen abin da za ki zaɓa. Na ce gishiri. Allah Ya yafe mini.

Ina gefe riƙe da jaririn Hansatu aka zo kanki. Kika sunkuyar da kai kika ce sunan maigidan kike so. Malama ba ta yi tunani ba ta tambaye ki sunan, sunan da tun da aka haife ni ban taɓa ji a bakinki ba. Gwaggo Kulu ce ta kwaɗa shi da ƙarfi har masunta suka waiwayo. Na ce yau Inna za ta gudu. Ba ki gudu ba. Cewa kika yi, "Bakina ne ba ya faɗa, ai ba a ce har da hannu ba."

Kika rubuta kika shafe, kika rubuta kika shafe. Da ya fita daidai, wallahi na ga kin tara yashi ta gefen ruwa don kada igiyar ruwa ta taɓa shi. Inna! Ke ɗin? Saura kaɗan in yar da ɗan mutane. Duk littattafan da na aro, ba wanda ya taɓa nuna mini soyayya haka.

Na kuma ji abin da ya biyo baya. Gwaggo Kulu tana cewa, "Amarya, a kwaɓa lalle ne? Tsofai-tsofai da ke!" Mata na shewa har bakin hanya. Tun ranar ba ki koma ba. Kin ce ƙafa ce, amma ƙafar ta kai ki kasuwar Yelwa ta dawo da ke.

Malama ta ce laifinta ne da ta tambaye ki a gaban jama'a. Ta sake tsari: kowace ɗaliba za ta kawo wasiƙa ta gaske daga wani nata, ita da Malama su zauna su biyu su bi ta a hankali. Na so in rubuta miki gaisuwa kawai, don na san duk abin da na sa Malama za ta gani, kunya kuma kamar in nutse. To, bari ta gani.

In kin sauke kifin nan zan sa miki ita a hannu. Kada ki ce in karanta miki, ko kin yi faɗa ba zan karanta ba. Abin da ke ciki yana wurin Malama ranar Litinin, ni zan raka ki.

Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
Yasira