Muryar Kakanka a Kaset

Zuwa ga maigidana mai kunnen ƙashi,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar babanka? Ya akuyata, ko kun cinye?

Ni lafiya lau, sai dai in kawunka da matarsa sun fita aiki, ni da agogon bango muke hira.

Ka san matar kawunka ce ke adana tsofaffin takardu da kaset-kaset na ƙungiyar malaman koyar da aikin rediyo. Sun tsinci wani kaset ba suna, ta kai ni ofishinsu ko zan shaida mai magana. Yana gyaran murya na san marigayi kakanka ne, yana koya wa ɗalibai yadda ake numfashi gaban makirfo. Ta ce da an gane shi za a rubuta suna, a kulle kaset a ɗakin ajiya.

Sai na ce kunnena ya tsufa, a sake sawa. Yau kwana tara ke nan kullum ina zuwa, wai ban gane ba.

Kada ka tona ni, kada kuma ka yi kishi. Ita ma tun jiya ta daina tambayata, kujera kawai take jawo mini ta ja ƙofa.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka