Rigar saƙar da ban kai ba

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin, don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, Daura ba ta da girman da mutum zai ɓuya a cikinta. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, in ma zagin ne na riga ku, kullum sai na yi wa kaina.

Ni uwa ce, na haura hamsin, na yi koyarwa a firamare har na yi ritaya. 'Yata ta fari, wadda ko sunanta ba na kamawa, tana aure a Turkiyya, karatu ne ya kai mijinta wani gari kusa da iyakar Siriya. Shekara biyu da suka wuce ta samu cikin fari, mijin ya ce tunda ba za ta iya zuwa gida wanka ba, ni in je in yi mata zaman jego. Aka yi fasfo, aka sha wahalar biza, aka yanki tikiti. Ni ban da aikin Hajji ban taɓa shiga jirgi ba, shi ma a tsakiyar jama'a aka kai ni aka dawo da ni, ban san yadda ake komai ba.

Saura wata guda in tashi, yarinyar ta turo mini saƙon murya tana kuka. Wai a ƙasan benen da suke haya akwai wasu ɗakuna da aka yi don ajiyar kaya, 'yan gudun hijirar Siriya ne a ciki, ga sanyi ya shigo har da dusar ƙanƙara. Ta ce akwai wata mata da yaƙi ya ci mijinta, tana da jariri, a tawul take naɗe shi. Ni da shegen zumuɗina sai na kunna saƙon a makarantarmu ta Islamiyya ta matan aure. Wata ta ce to mu da namu 'yan gudun hijirar suka cika gari, sai mun haura teku? Gaskiya ta faɗa, amma duk da haka kafin sati ya zagayo an tara barguna, rigunan sanyi na gwanjo, safa, hulunan yara, aka cika jaka guda aka ɗinke bakinta, aka ce Malama ga amana.

A cikin matan akwai maƙwabciyata, zan kira ta Balaraba, ba sunanta ba ne. Shekara goma sha ɗaya ta yi da aure kafin Allah ya ba ta ɗa namiji, ya yi wata bakwai a duniya ya koma. Tun da damina ta fara saƙa masa rigar sanyi da hula da safa, shuɗi da fari, wai zai sa in sanyi ya shigo, bai kai ba. Duk kayansa an bayar sadaka kamar yadda aka saba, wannan rigar ce kaɗai ta hana kowa taɓawa, har mijinta ya gaji da magana. Ranar da za a rufe jakar sai ga ta da yamma da wata 'yar leda, ta turara rigar har ƙamshin ya riga ta shigowa. Ta ce, "Malama, ki sa wa jaririn matar nan da hannunki. Ni dai in ji cewa wani yaro ya ji ɗumi a cikinta, sai in huta." Na karɓa da hannu biyu, na ce in sha Allahu da kaina zan sa masa. Na zura hannu na cusa ledar can tsakiyar barguna don kada ta ɓata.

To kun san halinmu da saƙo. Kayan jego ma kaɗai jaka guda ne, garin kunu, jar kanwa, yajin jego, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu, zannuwan goyo. Sai ga surukar 'yata daga Sandamu ta aiko da nata lodin, kilishi, garin ɗanwake, ƙuli-ƙuli, har da muciya wallahi, kamar a can ba su da itace. Surukina ya faɗa mini a waya sau uku cewa jaka biyu aka yarda da su, kowace kada ta wuce kilo ashirin da uku, sai ƙaramar jakar hannu. Na ce to. A raina kuwa cewa na yi ai abin a yi haƙuri ne, kamar tashar mota, in na ce musu sadaka ce ta marayu wa zai hana? Ko gwada nauyin ban yi ba, ɗagawa kawai Alhaji, maigidana, ya yi ya ce ba laifi.

A filin jirgi na Kano na gane ba tasha ba ce. Yarinyar da ke karɓar kaya ta ɗora jakunkuna a sikeli, ta ce biyun farko ma sun wuce kima, ta ukun kuma sai an biya mata daban, abin da ta faɗa ya fi ƙarfin abin da ke jikinmu ni da Alhaji. Na roƙa, na ce sadaka ce, na haɗa ta da iyayenta, ta ce Mama ba ni ba ce, na'ura ce. Ga layi a bayana ana tsaki, ga sanarwa ana yi za a rufe karɓar kaya. Muka zube jakunkuna a ƙasa muna kwasa muna mayarwa, daddawa ta cika wurin da wari, kunya kamar in nutse. Alhaji ya ce in zaɓa. In bar kayan jego, da me zan yi wa 'yata wanka? In bar saƙon surukai, har in mutu ana yi mini gori a Sandamu. Ba wanda ya tilasta mini, da bakina na ce ya koma da jakar sadakar. Ko tunanin ledar Balaraba bai zo mini ba.

Sai da muka lula sama, sanyin jirgi ya fara ratsa ni, ma'aikaciya ta miƙo mini ɗan bargo, sannan na tuna. Innalillahi. Rigar nan ko rubu'in kilo ba ta kai ba. A jakar hannuna za ta shiga, a cikin hijabina ma za ta shiga, ba mai tambayata. Na ɗauko muciya na bar ta. Na yi ta kuka har matar da ke kusa da ni ta zaci tsoron jirgi nake ji, tana ta riƙe mini hannu. Muka sauya jirgi a hanya, muka isa, a wurin binciken kaya suka buɗe jaka, suka ce nama da man shanu ba sa shiga ƙasar, a gabana aka zuba kilishin da man a kwandon shara.

Na ga matar da 'yata ta ba mu labari. Kwana uku da isata na sauka wurinsu, ɗakin ba taga, sanyin siminti yana shiga ƙashi. Sunan jaririn Umar, watansa biyar ko shida, idanunsa manya, yana wani irin tari da ba na son tunawa. An yanke hannun rigar babba an zura shi a ciki. Ba na jin yarenta sai ɗan Larabcin karatu, ita ma ba ta jin nawa, sai murmushi da alhamdulillah. Na ba ta zanen goyo biyu da mayafina mai kauri, surukina ya sayo musu bargo, kullum in na dama kunun kanwa sai na kai mata kofi. Na yi abin da na iya, amma rigar da aka saƙa daidai jikin yaro kamarsa tana Daura.

A satin ne Balaraba ta turo saƙon murya, tana tambaya ko ta yi masa daidai. Da na ce mata an samu matsala a filin jirgi, da tuni an wuce wurin. Amma muryarta ce, yadda take rawa, sai na ji bakina yana cewa ta yi masa cif, har hular, sunansa Umar, uwarsa ta yi ta sa mata albarka. Ta nemi hoto, na ce ba sa son a ɗauke su. Sauran matan ma na ce musu an raba kaya. Ƙarya ɗaya ta jawo 'yan uwanta, kafin in gama arba'in na dawo, labarin ya zauna daram a unguwa.

Abin da ke kashe ni shi ne, ƙaryar ta yi mata magani. Matar da ta shekara biyu ba ta zuwa suna, ta koma shiga mutane, ta yi ƙiba, tana dariya. Umar ya zama ɗanta. In mun haɗu sai ta ce yanzu ai ya fara zama, yanzu ya yi haƙori, yanzu ya isa tafiya. Da azumi ta ce mini ba ta ɗaga goshinta daga sujada sai ta ambaci sunansa. Ta kira ni uwar alheri a gaban mutane, na rasa inda zan sa fuskata.

Jakar kuwa tana cikin sitona, bayan buhunan hatsi, inda Alhaji ya ajiye ta ranar da ya dawo daga Kano. Katanga ɗaya ce tsakaninta da ɗakin Balaraba. Shekara biyu amma in na buɗe ƙofar da rana tsaka zan ɗebi gero, ƙamshin turaren nan nake ji. Alhaji ya ce shi ba ya jin komai sai warin maganin ƙwari. Na daina shiga sai dole. In na ga sikeli a kasuwa sai in kau da kai, in yaron maƙwabta ya yi tari sai na ajiye abin da ke hannuna. Sau biyu muna samun saɓani da Alhaji a kan maganar. Shi cewa ya yi in kwashe kayan a kai wa 'yan gudun hijirar da ke kusa da mu ta hannun wani a Baure inda ba a san mu ba, sadaka ai sadaka ce, in rufe bakina. Na ce ba su aka ba ni in kai wa ba. Ya ce to in je in faɗi gaskiya in daina hana shi sakat, na ce ba zan iya ba, ya ce ni dai na fi son in zauna da abin yana cina. Kwana biyu ba mu yi wata doguwar magana ba.

Umar kuma ban san inda yake ba. Wata biyu bayan dawowata tarin ya tsananta, aka kai shi asibiti, 'yata ta leƙa bayan kwanaki ta tarar da wasu mutane daban a ɗakin. Wani ya ce sun koma wani gari, wata ta ce sun koma ƙasarsu, wata tsohuwa kuma da aka tambaye ta yaron, ɗaga hannu sama kawai ta yi. 'Yata ba ta san me take nufi ba, ko dai ta sani ba ta son faɗa mini. Na san riga ba ta hana ajali, na sani sarai, ni ma na koyar da yara hakan. Amma zuciyata ba ta karɓa.

Dalilin da ya sa na rubuto yau, 'yata ta kusa haihuwa ta biyu, tikitina ya fito, saura sati uku in tashi. Shekaranjiya da la'asar sai ga Balaraba da leda. Ta saƙa sabuwar riga, shuɗi da fari, ta yaro ɗan shekara biyu da rabi, wai a jikin jikan yayarta ta auna. Ta ce, "Malama, na san waccan ta yi masa kaɗan tuntuni. Ki ce wa uwarsa kada ta yar da ita, ta ba wani jaririn." Na karɓa, wallahi da hannu biyu na sake karɓa, har na ce Allah ya ba da lada.

Yanzu me zan yi? Wannan karon na sayi sikelin rataye, na auna komai, na cire saƙon kowa, jakar sadakar za ta tafi ko da zani ɗaya zan je da shi. Amma in na kai, wa zan sa wa? In nemi wasu yara biyu in sa musu, in dawo in ce Umar yana gaishe ta, in ci gaba da raya mata yaron da ban san ko yana duniya ba, duk shekara tana saƙa masa riga? Ko in kira ta kafin in tafi, in buɗe sito in nuna mata, in karɓe mata ɗa na biyu da hannuna? Masu ilimi a cikinku ku gaya mini hukuncin amanar nan, iyaye mata kuma, musamman waɗanda suka taɓa binne ɗa, ku gaya mini wanne za ku fi so a yi muku.

Jiya na daure na farke bakin jakar, na ciro ledar farko, na shimfiɗa rigunan biyu a kan gado, ƙarama da babba. Ina tsaye a kansu na jiyo Balaraba ta bayan katanga tana shara, tana kirana, wai Malama na manta ban tambaye ki ba, Umar ɗin fari ne ko wankan tarwaɗa, in san kalar hular da zan saƙa masa kafin ki tafi. Har yanzu ban amsa mata ba.