Kujerar Bishop Tana Shagon Malam Isa

Daren Juma'a, Ƙaura Namoda

Jibi Bishop zai zo ɗora wa yaran cocinmu hannu, kujerarsa kuwa tana kulle a shagon Malam Isa kafinta. Ni na kai ta da kaina, don gara ta ci ƙafa ɗaya. Ya ce, "Mama, kwantar da hankalinki, ran Alhamis ki zo ki ɗauka." Ran Alhamis ɗin aka yi masa rasuwa a Zurmi, ya tafi da mabuɗi a aljihu.

Kujerar ba wani kyau gare ta ba. Ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi wa Bishop Bature na zamanin mulkin mallaka, wanda kan sauka a tasha ya tako coci da ƙafa. Kakana ya durƙusa gabanta. Yakan ce Hausar Baturen gurguwa ce, amma ba ya mance sunan yaro. Tun lokacin babu mai zama kanta sai Bishop. Yanzu ni ce zan ajiye masa ta roba?

Da magariba na tafi gidan Malam Isa da faɗana a baki. Matarsa Hajara ta tarbe ni a zaure, idonta jawur. "Tun jiya wayarsa ba ta shiga, Mama. Kin dai san hanyar nan. In kujerar ce, a fasa kwaɗon."

Na zauna da ita kan tabarma har aka kira isha'i.

Bishop ya zauna kan ta roba. Ya Ubangiji, ka dai dawo wa Hajara da mijinta.