Ramin Auta da Igiyar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Umma ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma faɗan da ta saba, ka san kuwa in Umma tana faɗa to lafiya ta samu. Ɗinki ma sai godiya, ko da yake keken nawa ya tsufa, ƙararsa ce ke gaya wa maƙwabta na fara aiki.

Maganar Auta ce ta sa na zauna rubuta maka. Ka san ta gama karatun kimiyya. To, makarantar da ta nema ta ɗauke ta don ta zurfafa a ilimin taurari, shekara huɗu nesa da gida, kuma Litinin ɗin da ta wuce ce ranar ƙarshe ta ba su amsa. Baba ya ce bai yarda ba. Ita kuma ta ce ko takardar za ta ruɓe a hannunta, ba za ta taka ƙofa ba sai da albarkarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni na san wahalar da yarinyar nan ta sha kafin ta kai nan.

Laifin ma har da nata. Da Baba ya tambaye ta abin da za ta je karantawa, sai ta ce baƙin rami. Ka ji fa, mutumin da ya shekara arba'in yana haƙar rijiya aka gaya wa za a je karatun rami! Ya tambaye ta ko akwai ruwa a ciki, ta ce babu. Ya ce ana shiga a fito, ta ce abin da ya shiga ya shiga ke nan. Sai ya ce shi bai haifi 'yar da zai tura irin wannan ramin ba, ya juya ya ci gaba da gyaran tsohuwar igiyarsa.

Ran Alhamis da hantsi, saura kwana huɗu wa'adin ya cika, na ce mata kuka ba ya magani, ta zo ta yi masa bayani yadda ko ni da na tsaya a aji uku zan gane. Ta ɗauko zanen gado, ni da Umma kowa ta kama kusurwa biyu muka ja ya miƙe. Ta ɗora dutsen gugata a tsakiya, zanen ya lotsa. Da ta gangaro lemun tsami daga gefe, sai ya yi ta kewaya dutsen. Ta ce haka duk abu mai nauyi yake jan na kusa da shi, haka ma rana ke riƙe da duniya. Idan tauraro mai girman gaske, wanda ya ninka ranarmu sau da yawa, ya ƙone makamashinsa ƙarƙaf, sai ya rufta cikin kansa kamar rijiyar da ba a ɗaure ba. Nauyin nan duka ya dunƙule a ɗan wuri, jansa ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya tsere masa, alhali babu abin da ya kai haske gudu. Shi ya sa ake kiransa baƙi. Ta ce yana da iyaka kewaye da shi, abin da ya ƙetare ta ba ya dawowa, amma na nesa yana iya kewayawa lafiya. Umma ta tambaya ko tamu ranar za ta zama haka, Auta ta ce a'a, ta yi ƙanƙanta. Umma ta ce alhamdu lillahi, to a sauke dutsen, hannunta ya gaji.

Sai Baba ya tambayi yadda aka san abin yana nan tunda ba a ganinsa. Auta ta ce ana ganin taurari suna kewaya wani wuri da gudu, wurin kuma ba a ganin komai, daga gudunsu ake gane nauyin abin da ke jansu. Yaya, da ka ga fuskarsa! Ya ajiye igiyar ya ce shi ma bai taɓa ganin ruwa ba kafin ya sa diga. Bishiyar da ke kore da rani yake dubawa, da inda ciyawa ta ƙi bushewa, su ke gaya masa abin da ke ƙasa. Ya ce ashe sana'arsa yarinyar nan ta gada, juya ta sama kawai ta yi. Umma ta ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Daga nan ne ya faɗi abin da ke cinsa, kuma don Allah kada ka ji haushina. Ya ce ba ramin sama yake tsoro ba. Yana da ɗa da ya ƙetare wata iyaka shekara shida ke nan, tun ana jin muryarsa kowane mako har ta koma sai an yi wata uku. Ni kam sai da na yi hawaye.

Washegari da safe ya kira Auta, ya yanko igiyar nan da ba ya bari kowa ya taɓa, ya miƙa mata. Ya ce mai haƙar rijiya ba ya sauka sai da igiya a ƙugu da mutum a sama riƙe da ita, kuma komai zurfin da ya yi, yakan jijjiga ta don na sama ya san yana numfashi. Ya ce ta je, Allah ya yi mata albarka, shi zai riƙe. A ranar ta aika da amsarta, farkon watan jibi za ta tafi.

Umma tana gaishe ka, Kawu direba da Gwaggo ma sun ce a gaishe ku. Ka gaida Anti da 'yan biyu, ka ce musu na ɗinka musu riguna, amma da ƙiyasi na yanka, gara a zo a gwada kafin su fi ƙarfinsu. Auta tana roƙon ka zo ka raka ta tasha. Ban gaya maka ba, gida biyu Baba ya yanko igiyar. Ɗayar tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofarsa. Bai ce ta wa ce ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai keke