Farar Eriya a Kan Rufina

Litinin, 9 ga Agusta, 2021

Yau ma na bi ta gaban tsohuwar tasharmu ta sadarwa da ke hanyar Bakura. Awaki ne kwance a ɗakin na'urori. Ƙasar da ta tura ni Legas, ta tura ni Ingila koyon aikin nan, ita ce ta sayar da tashar ga 'yan gwangwan a kan sikeli kamar albasa. Ina tsaye aka yi. Abu ɗaya na ciro daga kan sikelin: kiristal ɗin tashar, ɗan dutsen da ke ƙayyade bugun na'urori, cikin 'yar tandarsa ta ƙarfe mai riƙe masa ɗumi, duka bai fi gwangwanin madara ba. Mai awon ya ce in ɗauka, ba ya da nauyi.

Aikinsa ya buga sau miliyan goma a sakan ɗaya, ba ƙari ba ragi. Duk rediyon da na farfaɗo da shi a ɗakin nan, da shi na auna. Amma shi kansa ban da abin auna shi. Tun da na ɗauko shi nake son sanin ko har yanzu gaskiya yake faɗa. A garin da masallatai uku na unguwa ɗaya ba su taɓa kiran azahar tare ba, wa zan tambaya.

Asabar, 14 ga Agusta

Mubina ta kira daga Kaduna. 'Yata ce, amma kan zamani ne da ita. "Baba, akwai haɗaɗɗe ɗan Sin, ka jona kawai ya kama tauraron ɗan'adam, ka huta." Na san su. Akwati mai sheƙi, a ciki kiristal ne da aka ɓamɓaro daga matacciyar na'ura aka goge sunansa. Na ce ta sayo min allon lantarki da ke karɓar saƙon tauraro, da eriya, shi ke nan. Sauran ni zan haɗa.

Abin ba wuya gare shi ba. Tauraro yana aiko da bugu ɗaya kowane sakan, agogonsa ba ya kuskure. Allon da zan yi zai ƙirga bugun kiristal tsakanin wannan da na gaba. In ya yi gaggawa a ja masa linzami, in ya yi nawa a zabure shi. Yawan jan da ya buƙata shi zai gaya min ko ya lalace.

Alhamis, 19 ga Agusta

Kaya sun iso ta hannun direban Gusau, kwalin ya sha man ja. Na wuni ina narka dalma. Idona ba ya ganin ƙafafun abubuwan nan sai da gilashi biyu. Na ƙone yatsa. Adda, yayata da ke riƙe min gida tun rasuwar uwar Mubina, ta ce warin ya shiga miya.

Lahadi, 22 ga Agusta

A taga eriyar ba ta ganin komai. Itacen dogon yaron gidan maƙwabcina Malami mahauci ya rufe rabin sama. Dole rufi.

Adda ta ce, "Inuwa, ka aika a hwaɗa ma maƙwabta tukun." Na san al'adar, a cikinta aka haife ni: namiji ba ya hawa rufi ko katanga sai an yi shela, mata su shiga ɗaka, don daga sama ana ganin tsakar gidan kowa. Amma shela na nufin in je majalisar ƙofar Malami, in durƙusa, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, ina kasuwa, sannan in bayyana wa masu fiɗar akuya ma'anar megahaz, wato bugu miliyan a sakan, su kuwa suna ce min Injiniya suna ƙifta wa juna ido. Ba zan iya ba.

Litinin, 23 ga Agusta

Na hau da sassafe, maza ba su fito daga masallaci ba. Na ɗaure eriyar a kan bututu, fara, kamar kifaffiyar ƙwarya. Da na juyo, wata mata a bakin murhun gidan Malami ta ɗaga kai. Ludayi ya faɗi daga hannunta. Na kawar da ido na sauko. Minti nawa ne duka.

Laraba, 25 ga Agusta

Tana ganin taurari yanzu. 'Yar fitilar da ke kan allon ja ce. Sai kiristal ɗin ya daidaita za ta koma kore.

Asabar, 28 ga Agusta

An ɗauke Falalu, ƙanin Malami, a hanyar Tsibiri, ya je sayen shanu. Adda ta ce in je jaje. Gobe. Hadari ya hana sola caji, in batir ya mutu tanda ta huce, komai ya koma farko. Ba zan bar ɗakin ba.

Asabar, 4 ga Satumba

An yanke layukan waya a jihar nan baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Mutane na yawo da wayoyi a hannu kamar waɗanda aka yi wa mutuwa. Ni ban rasa kowa ba sai Mubina.

Kuskure na gano a allona, ƙafa ɗaya ba ta kama dalma ba. Aikin da a da nake korar ɗalibi a kansa.

Talata, 7 ga Satumba

Ba kasuwa, an hana. Na je sayen ruwan batir shagon Tijjani, ina shiga hira ta mutu. Wani daga kan benci ya ce, "Injiniya, an ce kai naka sabis bai ɗauke ba?" Na ce nawa daga sama yake zuwa, ba mai iya yanke shi. Gaskiya na faɗa. Ba wanda ya yi dariya, abin ya ɗan ba ni mamaki.

Jahilci. Ba ka ma san ta ina za ka kama shi ba.

Lahadi, 12 ga Satumba

Kore.

Bayan la'asar fitilar ta canza. Na zauna ina kallon ma'auni, ina jiran in ga irin jan da allon ke yi wa kiristal ɗin. Kusan babu. Ɗan taɓi, kamar yadda ake taɓa wuyan dokin da ya san hanya. Duk shekarun nan, cikin zafin Mafara da ɗaukewar wuta, yana nan inda muka bar shi. Tashar ta mutu, kamfanin ya mutu, rabin waɗanda muka yi aiki tare sun mutu, shi bai karkace ba.

Na ɗauki waya in gaya wa Mubina, sannan na tuna. Na fita na gaya wa Adda. Ta ce, "To madalla. Ka tahi jajen?"

Litinin, 13 ga Satumba

Da hantsi suka zo. 'Yan sa-kai, da mai unguwa, Malami a bayansu idonsa ja. Shugabansu Hamma, wanda na san ubansa, ya shiga ɗakina da takalmi.

"Baba, da wa kaka magana da wanga abu?"

Na ce ba ya magana, saurare kawai yake.

"Sauraren wa?"

Na fara bayani. Ina ji da kunnena yadda yake fita: tauraro, saƙo, lokaci, wurin da mutum yake. Kowace kalma ƙara nutsar da ni take. Sai Malami ya yi magana, bai ɗaga murya ba. "Malam Inuwa, mai gyaran darni ma shina shela. Kai ka hau bisa a ɓoye, iyalina ta gane ka. Sati bai cika ba anka ɗauke Falalu. Kowa ya zo ya zauna da ni, ban da kai da muke katanga guda. In kai ne, mi za ka ce?"

Na kalli tandar.

Hamma ya ɗora hannu a kan tandar ya ji ɗumi. Ya ce a nan layin yake. Na riƙe hannunsa, na ce don Allah, na rantse masa babu sim a ciki, gilashi ne da ɗan dutse. Rabon da in roƙi mutum na manta. Ya sa wuƙa ya ɓanɓare murfin. Na ji ƙarar, 'yar ƙarama, kamar an taka ƙwai.

Ba su sami komai ba. Suka kwance eriyar suka tafi da ita. Da ni za su haɗa, mai unguwa ya ce ya tsaya min, ya san ni tun muna allo, girman kai ne ciwona ba cin amana ba. A gabansu ya faɗa.

Laraba, 15 ga Satumba

Ban shiga ɗakin ba. Adda ta ajiye tuwo ta ɗauke tuwo.

Juma'a, 24 ga Satumba

Har yanzu ba labarin Falalu. Bayan masallaci na tsaya ƙofar Malami, don Adda ta ishe ni, ba don komai ba. Ya matsa min a tabarma. Muka yi gaisuwar duka, tun daga gajiya har ruwa, ban tsallake ko ɗaya ba. Ya rame ƙwarai. Bai ambaci rannan ba, ni ma haka. Na daɗe fiye da yadda na yi niyya.

Wayar eriyar tana reto daga rufi, iska na kaɗa ta tana dukan kwano. Da yamma na jingina tsani. Kafin in taka, na fita lungu na ce za a hau bisa, a shiga ɗaka. Muryar ba ta fita sosai ba, sai da na sake. Daga gidan Malami wata ta amsa, "An ji, Baba, a hau lahiya."

Na naɗe wayar na sa a kwali tare da allon. Allon lafiyarsa lau, ana iya sayen wata eriyar in an buɗe layi. Kiristal ɗin ya tsage gida biyu. Ba a ƙera irinsa yanzu, kuma ni kaɗai na ga fitilar ta yi kore.