Sun ce mu rage ihu

Zuwa ga Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ina aiki, ina zaman Abijan? Mu nan Ƙonni lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Kamfanin parabol, mai faifan kama tashoshin telebijin, ya sallami ma'aikata, kuma ƙanenmu Isuhu na ciki. Sun ce masu abonma, wato masu biyan kuɗin kallo duk wata, sun ragu. Ban yi mamaki ba, don gidan kallon ƙwallon da ka buɗe mini ya kusa zama kufai. Samari kowa na kallo a wayarshi, ƴan dattawa kaɗai sunka rage bisa benci.

Ran Lahadi da la'asar anka ci ƙwallo, munka yi ihu. Sai ga Lawali mai kabu-kabu ya leƙo, waya a hannu, rai a ɓace. Ya ce, "Malam Sani, don Allah ku rage ihu. Telenku tana riga wayarmu, kuna ɓata muna wasa." Ashe samarin gindin bangona suke zaune, suna shan inuwata!

Na ce mishi ya yi haƙuri, an kusa dainawa. In abonma ya ƙare ba ni sabuntawa. Isuhu ya ce shi zai sauke parabol ɗin, tunda shi ya ɗora ta. Wani mai albasa na son ɗakin don ajiya, amma sai ka yarda. Ita dai albasa ba ta ihu.

Ka sa mu cikin addu'a, musamman Isuhu, har yanzu bai gaya wa matarshi ba. Inna na gaishe ka. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Sani