Askar Da Ka Bari Ba Ƙota

Malam,

Assalamu alaikum. Allah ya kai haske inda kake kwance. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma bakina cike yake da labari, kuma kai na saba fara ba wa.

Hadizarmu ta sauka lafiya. Namiji ne, Malam! An sa masa sunanka. Faffaɗan goshinka ya ɗauko, har da ɗaure fuskar nan in ana surutu kusa da shi.

Da cikinta ya tsufa sai ta dawo gida, nan unguwarmu ta Poumpoumré. Wata rana tana share ɗakin da kake gyaran tsofaffin asake, ta ci karo da askar mahaifinka, wadda ka cire wa ruɓaɓɓiyar ƙota ka kankare tsatsarta, ciwo ya kwantar da kai kafin ka yi mata sabuwa. Ta riƙe ta tana hawaye, ta ce da ita take so a yi wa ɗanta askin suna. To wa zai sa mata ƙota? Wanzamai wasa aska suka sani, ba sassaƙa ƙotar ƙaho ba. Kawai sai na ji bakina ya ce ni zan yi.

Dariya kake, ko? Ni ce fa mai yi maka mita kan warin ƙaho a wuta, tun da ka bar aikin kamfanin auduga ka rungumi wannan abu da ba ya kawo ko gishiri.

Na je mahauta da kaina na zaɓi dogon ƙahon san Bararo, fari mai ratsin baƙi. Mahaucin ya tambaye ni ko Hajiya ta koma yi wa mutane ƙaho ne. Na kira abokinka Daniel, mutumin duwatsun Mokolo, wanda kuke yawon kasuwa tare neman asaken da aka yar. Hannunsa rawa yake yanzu, ba ya iya riƙe zarto. Ran Lahadi daga coci ya wuto gidanmu, ya zauna kan kujerarka. Shi ne baki, ni ce hannu.

Na tsaga ƙahon, na gasa. Yanki na farko ya ƙone ƙurmus, har maƙwabta suka leƙo ko gobara ce. Na biyu ya miƙe, da ya huce ya sake lanƙwashewa kamar soyayyen kifin tafkin Lagdo. Daniel ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce kai ma haka ka fara, ɓoye mana ka yi. Da gaske ne, Malam? Na uku na dafa shi a mai, na matse tsakanin katakai, na ɗora turmi a kai. Ya fito sambal.

Ina cikin goge shi da magagari naƙuda ta kama Hadiza. Daga nan sai na rabu biyu: ga ruwan wankan jego, ga baƙi, ga ƙota ba ta ƙare ba. Yatsuna duk suka yi kanta. Ana gobe suna na huda ƙahon, na zura siririyar tagulla, na daddaka kanta a hankali, ina addu'a kar ƙahon ya tsage. Bai tsage ba. Na shafa toka da mai, sai ga shi yana sheƙi, ratsin baƙin ya fito kamar an zana. Askar ta buɗe, ta rufe, ba gargada.

Da safe wanzami ya jujjuya ta, ya wasa, ya gwada a gashin hannunsa. Ya tambayi wane ne maƙerin. Hadiza ta nuna ni. Mata suka saki guɗa tun kafin a fara askin! Yaron bai yi ko uhum ba, barcinsa ya yi har aka gama. Daniel yana bakin ƙofa da hularsa a hannu, sai usoko, wato na gode da Fillanci, yake ta faɗi, ban san wa yake gode wa ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. In kana jan aska a kan fata bayan la'asar, nakan rage tsintar shinkafa in saurara. Wannan ƙarar ce ke gaya mini maigidana yana gida, kuma ransa fari ne. Yanzu na gane abin da kake ji in abin da aka fid da rai da shi ya dawo yana aiki.

Ɗakinka ba zai rufu ba. Wani masunci ya aiko da askar kakansa, na karɓa. Jaririn kuwa na riga na sanar da kowa mijina ne, kar ka yi kishi. Yana girma zan ajiye masa askar, in gaya masa hannun da ta bi kafin ta zo nasa.

Ga shi can ya farka yana kirana. Huta lafiya, Malam. Allah ya haɗa mu a Aljanna.

Taka har kullum,
Uwar Hadiza